Sauke wa Zuciya Kaya: Ƙaramin Famfon da Ake Zurawa ta Jijiyar Cinya

A cikin kowane mutum 100 da aka kai asibiti saboda toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, wato abin da aka fi sani da bugun zuciya, akan sami 5 zuwa 10 waɗanda lamarinsu ke wuce ciwon ƙirji har ya kai zuciyar ta kasa tura jinin da zai ishi jiki. Ƙwararren likita yana gane wannan hali tun kafin sakamakon gwaji ya fito, domin hannuwa da ƙafafun majinyaci sun yi sanyi, gumi yana tsattsafo masa, lambar sama ta awon jininsa ta sauko ƙasa da 90 ta ƙi tashi, fitsari ya ɗauke, shi kansa ya fara rikicewa yana magana ba kan gado. Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana tura kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya, amma a wannan hali abin da take iya fitarwa yakan faɗi zuwa kusan rabin haka. Za mu kira shi durƙushewar zuciya. Ko a manyan asibitocin Turai da Amurka, mutum 40 zuwa 50 cikin 100 da suka shiga wannan hali ba sa kai wata guda a raye, kuma wannan adadi ya daɗe yana nan inda yake duk da ci gaban da aka samu a sauran fannonin jinyar zuciya.

Abin da ya sa durƙushewar ke da wuyar sha'ani shi ne tana ƙara wa kanta ƙarfi. Naman zuciya yana samun abincinsa ne daga jinin da ita kanta zuciyar ta tura, kuma mafi yawan wannan jini yana shiga jijiyoyinta a ɗan tsakanin da take sakin jiki bayan kowane bugu. Idan ƙarfin turawa ya ragu, jinin da ke komawa ya ciyar da ita ma sai ya ragu, sai ta ƙara rauni, sai turawar ta ƙara raguwa. A lokaci guda jinin da ta kasa fitarwa yana taruwa a babban ɗakinta na hagu, yana kumbura shi, yana danne bangonsa, yana kuma komawa baya ya cika huhu da ruwa. Ƙoda da hanta da hanji da ƙwaƙwalwa suna shiga yunwar iskar oksijin, sinadarin laktet, wanda ke taruwa idan sassan jiki suka rasa isasshen oksijin, yana hauhawa a jini, kuma idan aka ɗauki awanni a haka, ko da an gyara zuciyar daga baya sai a tarar sauran sassan jiki sun riga sun lalace.

Mataki na farko da kowa ya yarda da shi shi ne buɗe jijiyar da ta toshe cikin gaggawa, kuma binciken da Judith Hochman ta jagoranta, wanda aka buga a 1999, shi ne ya tabbatar da haka: bayan wata 6, kashi 50 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa jijiya da wuri sun rasu, yayin da adadin ya kai kashi 63 a cikin waɗanda aka fara lallaɓawa da magani. Sai dai buɗe jijiya ba ya tayar da naman zuciya nan take. Wani ɓangare nasa ya mutu, ba zai dawo ba, amma wani ɓangaren suma kawai ya yi, kuma yana iya farfaɗowa cikin kwanaki idan majinyacin ya rayu ya kai lokacin. Magungunan da ake ɗurawa ta jijiya domin a riƙe awon jini, irin su noradirenalin da dobutamin, suna tilasta wa zuciya ta ƙara ƙoƙari, suna kuma ƙara mata buƙatar oksijin a daidai lokacin da ba ta samun isasshe. Bulala ce ake tsula wa jakin da kaya ya riga ya durƙusar da shi. Daga nan tunanin famfon wucin gadi ya taso, wato a sauke wa jakin kayan na ɗan lokaci, a ɗora wa wani, a ga ko zai miƙe.

Na'urar farko da ta yaɗu a wannan aiki ba famfo ba ce a haƙiƙa, doguwar balan-balan ce siririya da ake zurawa ta jijiyar cinya har ta zauna a cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wadda likitoci ke kira ayota. Adrian Kantrowitz ne ya fara amfani da ita a jikin mutum a 1967 a asibitin Maimonides da ke Brooklyn a birnin New York. Ana hura ta da iskar hiliyom, galibi mililita 40, a lokacin da zuciya ta saki jiki, sannan a zuƙe iskar daf da bugu na gaba, ta yadda jini zai ƙara shiga jijiyoyin zuciya kuma zuciyar ta sami sauƙin turawa. Ƙarin da take kawowa bai wuce kimanin rabin lita a minti ba, kuma dole sai zuciyar tana da ɗan ƙarfin bugawa kafin ta amfana. Duk da haka an shafe fiye da shekara 40 ana sa ta kamar farilla, har sai da Holger Thiele da abokan aikinsa a Jamus suka gwada ta a kan majinyata 600, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon ya fito a 2012: kashi 39.7 cikin 100 na waɗanda aka sa wa balan-balan sun rasu cikin kwana 30, waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 41.3. Wannan tazara ba ta kai a kira ta bambanci ba. Bayan shekara biyu ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta daina ba da shawarar a riƙa sa ta ga kowa da kowa.

Famfo na gaskiya, mai ɗiban jini da kansa ko zuciya ta buga ko ba ta buga ba, asalinsa yana da alaƙa da noman rani. Wani likita Ba'amurke, Richard Wampler, ya je Masar a shekarun 1970, inda ya ga yadda ake ɗaga ruwa da wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa a cikin bututu, dabarar da ake jingina wa masanin Girka Arkimidis tun zamanin da. Ya yi tunanin a ƙanƙanta wannan dabara ta koma kamar girman fensir, a zura ta cikin zuciya. A wancan lokaci akasarin masana sun ɗauka cewa duk abin da zai juya da irin wannan gudu a cikin jini zai niƙe jajayen ƙwayoyinsa. Na'urar da ya ƙera, Hemopump, tana juyawa kusan sau 25,000 a minti, kuma a 1988 likitan tiyata O. H. Frazier ya sa ta a jikin majinyaci a Cibiyar Zuciya ta Teksas da ke Houston, jinin kuma bai lalace yadda aka ji tsoro ba. Injinta yana wajen jiki ne, wata doguwar waya mai juyawa ce ke kai ƙarfin har cikin zuciya, kuma ba ta yi kasuwa ba. Amma ta bar wa na baya hujja. A birnin Aachen na Jamus, injiniya Thorsten Siess da abokan aikinsa suka ƙanƙanta injin da kansa suka sa shi a kan bututun da ke shiga jiki, wannan shi ne famfon da ake kira Impella. Kamfanin Abiomed na jihar Massachusetts ya sayi kamfanin da ke yin sa a 2005, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin farko a 2008, sannan a ƙarshen 2022 kamfanin Johnson & Johnson ya sayi Abiomed a kan kimanin dala biliyan 16.6. Wannan adadi ya isa ya nuna irin kuɗin da ke cikin harkar, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe shi a ransa idan muka zo batun hujjoji.

Yadda ake sa shi abu ne da ya cancanci a kalla kusa da kusa. Majinyaci yana kwance a ɗakin da ake buɗe jijiyoyin zuciya, ƙarƙashin na'urar hoto mai nuna cikin jiki kai tsaye. Likita yana huda babbar jijiyar da ke gindin cinya da allura, ya zura siririyar waya, ya faɗaɗa hudar a hankali har ta karɓi bututu mai kaurin da bai kai milimita 5 ba, idan samfurin Impella CP ne, wanda aka fi amfani da shi a gaggawa. Daga nan sai a tura famfon ya bi jijiyar ya haura ta ciki da ƙirji, yana tafiya saɓanin yadda jini ke gudana, ya zagaya lanƙwasar ayota, ya ratsa ta bawul ɗin da ke bakin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, har bakinsa ya shiga babban ɗakin hagu. A inda ake son ya zauna, mashigar jinin tana cikin ɗakin, kimanin santimita 3.5 ƙasa da bawul, mafitarsa kuma tana sama da bawul a cikin ayota. Tsakanin biyun akwai 'yar farfela da ke iya juyawa har sau 46,000 a minti, tana zuƙo jini daga ɗakin tana watsa shi cikin ayota ba tsayawa. Wannan samfuri yana tura lita 3.5 ko ɗan fiye a minti. Wanda ya fi shi girma, Impella 5.5, yana kai lita 5.5, wato duk aikin zuciyar mai hutawa, amma shi sai likitan tiyata ya yanka ya sa shi ta jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin wuya kusa da hammata, kuma amfaninsa shi ne majinyaci yana iya tashi zaune har ya ɗan taka. Akwai kuma wani samfurin da aka yi domin ɓangaren dama na zuciya, mai bi ta jijiyar da ke mayar da jini.

Abubuwa biyu ne ke faruwa da zarar an kunna shi. Jini yana ƙara isa ga ƙoda da ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar, sannan ɗakin hagu yana sacewa, matsin da ke kan bangonsa ya ragu, buƙatarsa ta oksijin ta sauka. Wannan na biyun shi ne abin da ya bambanta shi da na'urar ECMO, wadda ke fitar da jini daga jiki ta babban tiyo, ta sa masa oksijin, ta mayar da shi ta jijiyar cinya. ECMO tana ɗaukar nauyin zuciya da huhu gaba ɗaya, amma jinin da take mayarwa yana tunkarar zuciya ne daga ƙasa, don haka zuciyar da ta riga ta gaji sai ta tarar da ƙarin matsi a gabanta duk lokacin da ta yi yunƙurin bugawa. Shi ya sa wasu cibiyoyi ke haɗa na'urorin biyu a jikin mutum guda. Akwai wata ta uku, TandemHeart, wadda ake huda bangon da ya raba ɗakunan sama na zuciya domin a ɗebi jini daga na hagu, amma sa ta yana buƙatar hannu na musamman, kuma ba ta yaɗu kamar sauran ba.

Da an gama sawa, aikin ya koma hannun nas-nas na sashen kulawa ta musamman, kuma a nan ne ake gane asibitin da ya iya da wanda ya sayi na'ura kawai. Famfon ba ɗinke shi aka yi a cikin zuciya ba, yana zaune ne a kan tsawon bututun, saboda haka idan majinyaci ya lanƙwasa ƙafa ko ya yi tari mai ƙarfi ko aka juya shi da garaje, yana iya zamewa ciki ko waje da santimita ɗaya ko biyu. Idan mashiga da mafita suka koma gefe guda na bawul, famfon yana ta juyawa amma jinin bai je ko'ina ba. Idan bakinsa ya manne da bangon zuciya, ko kuma jinin da ke isowa ɗakin hagu ya yi kaɗan saboda ɓangaren dama ma ya gaza, sai na'urar da ke gefen gado ta fara ƙara, domin famfon hagu ba ya iya tura abin da dama bai kawo masa ba. Nas tana duba launin fitsari a jaka, kasancewar idan ya koma kamar ruwan shayi ko zoɓo, alama ce farfelar ta fara fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma abin da ya fashe ƙoda ce za ta sha wahalarsa. Tana taɓa ƙafar da aka bi ta cikinta ta ji ɗuminta, tana neman motsin jini a bayan sawu da 'yar na'urar sauraro, tunda bututun yana iya toshe hanyar jinin ƙafar, musamman a jikin mace ko tsoho mai ƙananan jijiyoyi. A kowane lokaci kuma ana tura ruwan sukari, galibi mai ɗauke da maganin hana daskarewar jini, heparin, ta cikin bututun zuwa injin, domin kada jini ya shiga ya daskare a ciki. Wani abin da ke ba sababbin ma'aikata mamaki shi ne majinyaci yana iya kasancewa da isasshen awon jini alhali da ƙyar ake jin bugun jijiya a wuyan hannunsa, saboda famfon ba bugawa yake yi ba, kwarara yake yi kamar ruwan tiyo.

Babu wanda ke musun cewa lambobin da ke kan allo suna gyaruwa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin abin da dangin majinyaci ke tambaya shi ne ko zai tashi ya koma gida, kuma amsar wannan tambaya ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta samu. Gwajin farko da aka yi a Munich, wanda aka buga a 2008, ya ƙunshi majinyata 26 kacal, ya nuna famfon ya fi balan-balan tura jini, amma mutuwa ta zo daidai a ɓangarorin biyu. Na biyu, wanda likitocin Amsterdam suka jagoranta aka buga a 2017, ya ƙunshi mutum 48, kuma bayan wata 6 rabin kowane ɓangare ya rasu. A wannan gwaji fiye da kashi 90 cikin 100 na majinyatan zuciyarsu ta riga ta tsaya an farfaɗo da ita kafin a sa musu na'ura, kuma da yawa daga cikinsu lalacewar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, abin da babu famfon da zai gyara. Sai kuma a 2020 wani nazari na bayanan asibitocin Amurka, wanda aka buga a mujallar JAMA, ya kwatanta majinyata 1,680 da aka sa wa famfo da wasu 1,680 masu kama da su da aka sa wa balan-balan, ya sami mutuwar kashi 45 cikin 100 a na farko da kashi 34 a na biyu, zubar jini mai tsanani kuma kusan ninki biyu. Masu kare famfon suka ce ai dama likita ba ya ɗauko shi sai ga wanda ya fi jin jiki, kuma lissafi ba ya iya share wannan bambanci gaba ɗaya. Maganarsu tana da kan gado. Sai dai ita ma tana tabbatar da cewa an shafe fiye da shekara 10 ana sa wa dubban mutane na'ura mai tsada da haɗari ba tare da babban gwaji ko ɗaya da ya nuna tana ceton rai ba, bayan kowa ya ga yadda ta ƙare da balan-balan.

Gwajin da ya sauya maganar shi ne DanGer Shock, wanda Jacob Møller na Denmak ya jagoranta a cibiyoyi 14 a Denmak da Jamus da Ingila. An fara ɗaukar majinyata a 2013, ba a gama ba sai 2023, wato shekara 10 kafin a tara mutum 360, abin da ke nuna wahalar yin ƙuri'a a kan mutumin da ke bakin mutuwa da tsakar dare. An buga sakamakon a watan Afrilun 2024 a mujallar New England Journal of Medicine. A cikin kwana 180, kashi 45.8 cikin 100 na waɗanda aka sa wa Impella CP sun rasu, waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba kuwa kashi 58.5. Ma'ana, idan aka sa wa mutum 8 famfon, an ceci ran mutum guda da da bai tsira ba. Tun bayan binciken 1999 ba a sami wata na'ura da ta nuna irin wannan tasiri a durƙushewar zuciya ba, kuma shekara guda kafin nan babban gwajin ECMO da aka yi a Jamus da Sulobeniya a kan mutum 420 ya tashi ba riba, kashi 47.8 na waɗanda aka sa wa ECMO sun rasu, kashi 49 kuma a ɗaya gefen.

Amma wanda ya karanta rabin farko na sakamakon ya tsaya, bai karanta shi ba. Matsaloli masu tsanani, da suka haɗa da zubar jini mai yawa da toshewar jinin ƙafa da fashewar ƙwayoyin jini da gazawar na'urar, sun sami kashi 24 cikin 100 na masu famfo, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 6.2 ne. Waɗanda suka buƙaci wankin ƙoda sun kai kashi 41.9 a masu famfo, sauran kuwa kashi 26.7. Wani ɓangare na wannan ƙari yana iya kasancewa saboda masu famfon sun rayu sun kai lokacin da ƙodar za ta nuna gazawarta, wanda ya rasu a rana ta farko kuwa ba ya shiga lissafin masu wankin ƙoda, amma da wuya wannan ya bayyana dukan tazarar. Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne su wane ne aka sa a gwajin. An tantance mutum fiye da 1,200 kafin a zaɓi 360. Dukansu masu toshewar babbar jijiyar zuciya ne irin wadda ke bayyana sarai a gwajin wutar zuciya, an cire waɗanda zuciyarsu ta tsaya a waje suka zo asibiti a sume ba su farka ba, an kuma cire waɗanda ɓangaren dama na zuciyarsu ya gaza ƙwarai. Kusan kashi 80 cikin 100 maza ne. Cibiyoyin da suka yi aikin kuma sun saba da na'urar, suna da tsarin yadda za a ƙara tallafi idan famfon bai isa ba. Saboda haka ƙa'idojin likitocin zuciya na Amurka na 2025 suka ce yana da kyau a yi amfani da shi a zaɓaɓɓun majinyata masu irin wannan hali, ba su ce a sa wa duk wanda awon jininsa ya faɗi ba.

Makonni kaɗan kafin fitowar sakamakon DanGer Shock, a Maris ɗin 2024, hukumar FDA ta fitar da gargaɗi mafi girma a ma'auninta game da famfunan Impella na ɓangaren hagu, saboda haɗarin bututun ya huda bangon zuciya, ta kuma ambaci rahotannin munanan raunuka 129, ciki har da mutuwar mutum 49. Ba a janye na'urar daga kasuwa ba, an dai sabunta umarnin amfani da ita, an jaddada a riƙa duba hoto duk lokacin da za a tura ta ko a gyara mata zama. Bangon zuciyar da jini ya yanke masa kwana ɗaya ko biyu yana da taushi kamar dafaffen nama, kuma hannun da bai saba ba yana iya zarcewa. Akwai ma waɗanda tun farko ba a sa musu: mai gudan jini a ɗakin hagu, mai bawul na ƙarfe a bakin ayota, mai bawul da ya ƙuntace ƙwarai ko yake yoyo sosai, da wanda jijiyoyin ƙafarsa suka cushe.

Ana kuma amfani da famfon ta wata fuska dabam, wato a sa shi na 'yan awanni a matsayin kariya yayin da ake buɗe jijiyoyi masu wuyar aiki a jikin mai raunin zuciya wanda tiyata ta fi ƙarfinsa. Gwajin PROTECT II, mai majinyata 452, an dakatar da shi kafin lokaci, kuma a kwana 30 bai nuna famfon ya fi balan-balan ba ta hanyar da lissafi zai amince da ita.

Sai batun kuɗi. Famfo guda a Amurka yakan ci dala 20,000 ko fiye, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, balan-balan kuwa kimanin dala 1,000 ce ko ƙasa. Wannan kuɗin na'urar ne kaɗai, ban da ɗakin hoto da ke aiki dare da rana, da ma'ajiyar jini, da injin wankin ƙoda, da likitan tiyatar jijiya da zai gyara cinya idan ta ɓalle da jini, da wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa. Wannan batu yana da alaƙa da ƙasar Hausa ta wata hanya da ba kowa ya lura da ita ba. A 2018 hukumar FDA ta faɗaɗa izinin famfon ya haɗa da durƙushewar zuciya da ke biyo bayan kumburin naman zuciya da kuma ciwon zuciyar masu jego, kuma arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da wannan ciwo na masu jego ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma binciken da aka yi a Sakkwato da Kano ya sami kusan mace guda a kowace haihuwa 100 a wasu asibitoci. A ka'ida irin wannan zuciya, ta matashiya, mai yiwuwar farfaɗowa, ita ce ta fi dacewa da tallafin wucin gadi idan ta durƙushe. A aikace kuwa mafi yawan waɗannan mata magani ne ke riƙe su, kuma kuɗin famfo guda zai sayi na'urar hoton zuciya da za ta gano ɗaruruwansu tun ƙafa ta fara kumbura, kafin a kai ga maganar durƙushewa.

Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma izinin da aka ba Impella CP a durƙushewar zuciya na kwana 4 ne, babban samfurin kuma kwana 14, ko da yake a aikace akan wuce haka idan babu makawa. Kowace rana da ya ƙara a jiki tana ƙara haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta da lalacewar ƙafa, don haka tun ranar da aka sa shi ake fara tunanin cire shi. Na'urar da ke gefen gado tana da matakan gudu daga 0 zuwa 9. Idan laktet ya sauko, fitsari ya dawo, aka rage magungunan riƙe awon jini, sai a fara sauko da matakin ɗaya bayan ɗaya, ana jira tsakanin kowane mataki, ana kallon zuciyar a hoto ko za ta karɓi kayan da ake mayar mata. Idan ta riƙe na wasu awanni a mataki na 2, sai a janyo famfon ya fito daga zuciya, a kashe shi, a zare shi, a rufe hudar cinya da ɗinki ko da dannawa mai tsawo. Idan kuwa da an rage gudu awon jini ya zube, huhu ya fara cika, sai a mayar da matakin, likitoci su zauna su duba abin da ya rage: a sauya zuwa babban samfuri ta hammata domin a ƙara mata mako ɗaya ko biyu, ko a dasa famfo na dindindin ta tiyata, ko a sa majinyacin a layin dashen zuciya idan shekarunsa da ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa sun ba da dama. Ga wanda babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da shi, sai a kira iyalinsa a zauna da su, a yi musu bayanin cewa injin ne ke riƙe da jininsa, kuma a tsayar da lokacin da za a kashe shi.